Yadda Ake Sarrafa Shurin Manyan Bindigogin Magnum a Harbin Nesa

Wanda ya saba da bindiga mai cin harsashin .308 Winchester, ranar da ya fara ɗora mai cin .300 Winchester Magnum ko .338 Lapua Magnum a kafaɗa, wato manyan harsasai masu ɗauke da albarushi mai yawa, zai san ya shiga wani aji. Ƙarar ta fi, iskar da ke fita daga baki tana dukan fuska, gindin bindigar kuma yana dawowa da ƙarfin da ke sa mutum fargabar harbi na biyu tun bai gama da na farko ba. A ganina, harsasan da ke ɓacewa a mita 800 ko 1000 daga irin waɗannan bindigogi sun fi ɓacewa saboda wannan fargaba da rashin daidaiton kwanciya, fiye da iska ko kuskuren lissafi da ake yawan ɗora wa laifi.

Shuri dai, wato wannan dawowar gindin bindiga, ba mai hana shi. Aikin maharbi shi ne ya rage shi iya gwargwado, sannan ya buɗe wa sauran hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ya bi ta a kowane harbi ba tare da sauyi ba. Ma'aunin ko ka iya kuwa guda ne: bayan bindiga ta tashi, kana ganin inda harsashinka ya sauka ta cikin madubin saiti, wato madubin jawo nesa da ke ɗaure a saman bindiga, ko sai wani ya gaya maka?

Fara da sanin abin da kake fama da shi

Ɗauki .300 Winchester Magnum, wanda ya shigo kasuwa a 1963. Harsashinsa da aka fi amfani da shi yana da nauyin kusan giram 11.7, yana barin baki da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Bayansa akwai albarushi wajen giram 4.5 zuwa 5 da ya ƙone ya zama gas, shi ma yana fita, da gudun da ya wuce na harsashin. Duk abin da aka tura gaba, bindiga ce ke biyansa da komawa baya. Idan nauyinta da madubi da komai kilo 4 ne, za ta dawo da gudun sama da mita 4 a daƙiƙa, ƙarfin dukan ya kai wajen jul 36 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Bindigar .308 mai wannan nauyi jul 20 da 'yar ɗoriya take bayarwa. Idan ka mai da waccan magnum ɗin kilo 6, da harsashi iri ɗaya, dukan zai sauko wajen jul 24, wato an zaftare kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa komai ba sai nauyi.

A cikin wannan lissafi, gas kaɗai ya kan ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na turin. Ka riƙe wannan, domin a kansa birkin baki, ƙarfen rage shuri da za mu zo kansa, yake aiki.

Sai abin da ya fi muhimmanci. Harsashi ba ya wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, kuma kafin ya fita bindigar kilo 4 ba ta ja baya fiye da milimita 2 ko makamancin haka ba. Babban dukan da kafaɗa ke ji yana zuwa ne bayan harsashi ya tafi. Amma waɗannan milimita biyun su ne komai. Bindiga mai tsawon kusan mita ɗaya, idan gindinta ya goce gefe da milimita 1 kacal a kan bakinta, harsashi zai kauce da kusan mita 1 a nisan mita 1000. Saboda haka abin da jikinka ya yi kafin fashewa da lokacin fashewa shi ke yanke hukunci.

Gyara bindigar ta dace da jikinka

Kafin ka zargi kanka, duba kayan. Magnum marar nauyi an yi ta ne don mafaraucin da zai yini yana hawan dutse da ita ya yi harbi ɗaya ko biyu. Wanda ke son koyon harbin nesa da ita yana wahalar da kansa ne. In za ka iya ƙara nauyi, ƙara: ƙota mai nauyi, bututu mai kauri, ko ƙarafan da ake ɗaurawa a jikin ƙota. Ka raba nauyin yadda bindigar ba za ta rinjaya baya ba, domin mai nauyin gindi ta fi ɗaga baki.

Robar gindi mai taushi da faɗi, irin su Limbsaver ko Pachmayr Decelerator, ba ta rage jul ko ɗaya, sai dai tana shimfiɗa dukan a kan lokaci da faɗin kafaɗa, kuma bambancin a jiki ba kaɗan ba ne. Tsohuwar roba da ta bushe ta yi tauri, a canza ta.

Tsawon ƙota daga kunama zuwa gindi yawanci santimita 34 ne ko kusa da haka a bindigogin kamfani. Idan ta yi maka gajarta, babban yatsanka zai daki hancinka kuma madubi zai matso gira. Idan ta yi tsawo, za ka karkata jiki don ka kai ga kunama, karkatar nan kuwa ita ce abin da muke gudu. Wurin ɗora kunci ma a daidaita shi: ka kwanta, ka rufe ido, ka sauke kuncinka yadda ya ga dama, ka buɗe. In ba ka ga cikakken da'irar madubi ba sai ka ɗaga kai ko ka danna, to tsayin bai yi ba.

Madubin saiti na magnum yana buƙatar tazarar santimita 9 zuwa 10 tsakaninsa da ido. Ka daidaita wannan tazara kana kwance rub da ciki, madubin yana kan ƙarshen ƙarfin jawowarsa, domin a kwance kai ya fi miƙewa gaba, kuma a madubai da yawa tazarar tana raguwa idan an ƙara jawowa. Wanda ya ɗaura madubi yana tsaye a ɗaki, ya je fili ya kwanta, shi ne ke tashi da yanka mai siffar jinjirin wata a saman gira, jini na bin gefen hanci. Raunin yana warkewa cikin kwanaki, amma tsoron da ya dasa yana daɗewa.

Notukan da ke riƙe madubi da waɗanda ke haɗa ƙarfe da ƙota, a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi daidai da abin da kamfani ya rubuta. Ka ja ɗan layi da alƙalami a jikin madubi dab da zoben da ke riƙe shi. Shuri kan sa madubi ya riƙa zamewa gaba a hankali, layin nan zai tona shi.

Birkin baki, salansa da kunnuwa

Birkin baki ƙarfe ne mai ramuka da ake murɗawa a bakin bututu, yana tare gas ya watsa shi gefe ko baya-baya. Mai kyau yakan rage shuri da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a magnum, kuma yana rage ɗagawar baki. Ga .338 Lapua, wanda kamfanin Lapua na ƙasar Finland ya kammala a ƙarshen shekarun 1980 kuma yake tura harsashin giram 16.2 da gudun kusan mita 900, ban ga dalilin zama ba birki ko salansa, wato na'urar rage ƙara, ba.

Kuɗin da birki ke karɓa ƙara ce. Babbar bindiga ko ba birki tana kaiwa desibel 160 da wani abu a ma'aunin ƙara, alhali daga 140 ƙara ɗaya tak na iya lalata ji har abada, birki kuma yana juyo da ita wajen maharbi da na kusa da shi. Sa abin toshe kunne na ciki, ka ɗora marufin kunne a kai, duka biyun, kowane lokaci. Wannan ba maganar lafiya kaɗai ba ce. Babban rabo na zaburar da mutane ke yi daga ƙara da bugun iska yake, ba daga ciwon kafaɗa ba, kuma akwai waɗanda harbinsu ke gyaruwa nan take da zarar sun ninka kariyar kunne. Tabarau na kariya ma dole ne, kuma ka shimfiɗa tabarma ko tamfol ƙarƙashin baki don kada ƙura ta tashi ta rufe maka gani.

Salansa ba ta kai birki rage shuri ba, amma tana mai da dukan ya zama turi mai laushi, tana kashe bugun iskar fuska. Inda doka ta yarda da ita, ni ita nake fifitawa ga mai koyo. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka bincika taka. Ko wanne ka ɗaura ko ka cire, sake daidaita saitinka, domin inda harsashi ke sauka yana iya matsawa.

Kwanciya bayan bindiga

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka ɓata lokaci.

Ajiye bindigar a kan ƙafafunta biyu da ake ɗaura mata a gaban ƙota, jakar yashi ƙarƙashin gindi, bakinta na kallon allon harbi. Koma baya ka tsaya, ka dubi layin da ya tashi daga allo ya bi ta bututu ya zo gabanka. Durƙusa a kan layin nan, ka kwanta yadda kashin bayanka zai yi daidai da bututu, kafaɗunka biyu su fuskanci allo sosai, ba ɗaya gaba ɗaya baya ba. Ga mai harbi da dama, layin bututu zai ratsa ta cikin kafaɗar dama ya gangara ta cinyar dama. Buɗe ƙafafu, ka kwantar da dugadugai ƙasa in jikinka ya yarda. Tsohon salon kwanciya a karkace an gina shi ne don bindigar da ake riƙewa da maɗauri a hannu. Da magnum a kan ƙafafu, karkata na nufin kafaɗa ce kaɗai ke karɓar dukan, sai ta juya, bindiga ta yi tsalle gefe. Idan ka miƙe, duk nauyin jikinka yana bayanta, sai ta ja baya ta dawo a kan layinta kamar aljihun tebur.

Yanzu gindin. Kada ka kai shi can kan ƙwallon kafaɗa. Matso da shi ciki, cikin ramin da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, dab da ƙarƙashin ƙashin da ya taso daga wuya, kusa da tsakiyar jiki gwargwadon yadda kai zai sauka kan ƙota ba tare da lanƙwasa wuya ba. Robar gindi gaba ɗayanta ta zauna a jiki. Idan rabinta na sama yana iska, bindiga za ta zame ƙasa baki ya tashi, alamar ƙafafun bindigar sun yi gajarta ko tsawo ga jikinka ke nan. Mai ƙirji ko tumbi ya ɗaga ƙafafun, kada ya matse kansa a ƙasa.

Sai ɗora nauyi a kan ƙafafun bindigar. Ɗaga ƙirji kaɗan, ka manna gindi a raminsa, ka sauko gaba a hankali har sakwa-sakwan da ke cikin ƙafafun ya ƙare. Iya nan. Ba turawa da yatsun ƙafa ake yi ba, nauyin jiki ne kawai ke kwanciya a kai. Mai turawa da ƙarfi ba zai iya maimaita ƙarfin nan daidai sau biyar ba, sai ya ga harsasansa sun jeru sama da ƙasa. A kan siminti ko dutse ƙafafun kan yi tsalle, don haka sa musu tabarma ko ka nemi abin da za su tokara.

Hannun kunama yana jan ƙota baya zuwa kafaɗa, a miƙe, da yatsu ukun ƙasa, da ƙarfin da bai wuce na riƙon hannu a gaisuwa ba. Babban yatsa ya kwanta a gefe ko a sama ba matsi. Ƙananan bindigogin gasa masu nauyi ana iya sakin su su yi shurinsu, amma magnum in ka bar rata tsakaninta da kafaɗa, gudu za ta ɗauka ta same ka. Ɗaya hannun yana kan jakar yashi, yana matsa ta don ɗaga gindi ko sassautawa don sauke shi. Jakar ta zama cikakkiya mai tauri. Mai laushi tana nutsewa lokacin shuri, harbi ya tafi sama.

Kunci ya taɓa ƙota da nauyin kai kawai. Kafaɗa kuma a sake ta. Wannan yana da wuyar karɓa, domin jiki so yake ya ɗaure ya tare duka, amma tsokar da aka ɗaure tana sa bindiga ta yi tsalle, kuma ta fi jin zafi.

Kafin ka taɓa kunama, gwada saitin jikinka. Rufe ido, ja numfashi biyu, saki jiki, buɗe. Idan gicciyen saiti da ke cikin madubi ya bar inda kake so, kada ka jawo shi da hannu. Matsar da ƙugunka, jiki da bindiga su juya tare, ka sake gwadawa. Duk inda jiki ya huta, can bindiga za ta nufa da zarar ta tashi, ko kana so ko ba ka so.

Kunama da abin da ke bayanta

Kunama mai nauyin kilo 1 zuwa 1.5 ta wadatar, mai tsinkewa tsaf ba ja-in-ja. Sa tsokar gaɓar farko ta yatsa a kanta, yatsan ya gitta ta sosai don jan ya tafi baya a miƙe. Yi numfashi yadda ka saba, a ɗan tsayawar da ke zuwa bayan fitar numfashi ka fara matsawa, matsi mai ƙaruwa ba tsayawa. In daƙiƙa biyar ko shida sun wuce ba ta tashi ba, saki, ka sake numfashi. Ido kan fara dushewa, jiki kuma ya fara ƙosawa.

Bayan ta tashi, riƙe kunama a baya, kunci a wurinsa, ido a buɗe cikin madubi. Harsashin magnum yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai mita 1000, lokacin ya isa bindiga ta dawo ka ga ƙura ta tashi ko ƙarfen allo ya girgiza. Don sauƙaƙa wa kanka, rage jawowar madubi zuwa ninki 12 ko 15. A ninki 25 filin da kake gani ƙanƙane ne, ɗan motsi kaɗan allo ya fice.

Sannan ka karanta inda gicciyen ya tsaya. Ga mai harbi da dama, in kullum hagu yake komawa, galibi jiki ya karkata hagu ko gindi ya yi waje da yawa a kafaɗa, sai ka matso da ƙugu bayan bindiga. In sama yake tsayawa, duba jakar yashi, danna kunci da yawa, ko gindin da ke zamewa ƙasa. In yau hagu gobe dama, riƙonka ne ba ya zama ɗaya. Canza abu ɗaya a lokaci guda, ka yi harbi biyu ko uku, ka ga abin da ya sauya.

Zabura, da yadda ake fitar da ita

Kusan babu mai yarda yana zabura, domin shuri yana rufe ta. Hanyar kama ta ita ce ka ba abokin harbinka bindiga ya loda maka kana juya baya, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na bogi marar albarushi, bakin bindiga na kallon fili koyaushe. Ka kwanta, ka yi saiti, ka matsa. Ƙyas! Ba abin da ya tashi, amma ga baki ya dunƙura ƙasa, kafaɗa ta yi gaba, idanu sun runtse, yatsa ya fizge. Abin da kake yi ke nan a kowane harbi ba ka sani ba. In ya ɗauki hoton bidiyon fuskarka da waya, ka ga ido yana rufewa kafin ƙara.

Maganinta ba ƙarin harbin magnum ba ne, wannan ƙara dasa ta yake yi. Koma harbin bushe: bindiga ba harsashi, an duba an sake dubawa, harsasai na gaske suna wani ɗakin, baki na kallon inda ba hatsari. Kwanta yadda aka bayyana, matsa kunama, ka lura ko gicciye ya motsa lokacin da allurar da ke dukan gindin harsashi ta faɗi. Minti goma a kai a kai ya fi awa biyu sau ɗaya a wata. Sai ƙaramar bindiga, .22 LR ko .223 Remington, a kwanciya iri ɗaya da riƙo iri ɗaya kamar magnum ce, har jiki ya koyi cewa matsa kunama ba ya jawo azaba. Daga nan ka riƙa cakuɗawa a fili: harbin bushe biyar, magnum ɗaya, bushe biyar, magnum ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kuma taƙaita yawan harbi. Harsashi 15 zuwa 20 na magnum da aka harba da natsuwa sun ishi zama ɗaya ga yawancin mutane. Bututun ma zai gode, domin waɗannan harsasai suna cin maƙogwaronsa, wato farkon bututu inda wuta ke fara duka, da sauri, na .300 Winchester Magnum galibi tsakanin harbi 1,200 zuwa 2,000 ake lissafa masa kafin daidaitonsa ya fara raguwa, kuma zafi na gaggauta hakan. Bar shi ya huce bayan uku zuwa biyar.

Idan ba a kwance kake ba

A kan teburin harbi, kuskuren da aka saba shi ne a sunkuya gaba a kwanta kan bindiga, sai dukan ya sauka a saman kafaɗa inda ba tsoka. Ɗaga matokaran yadda za ka zauna kusan a miƙe, ƙirji na fuskantar allo, jiki ya samu damar ja baya tare da shuri. Akwai gadon ƙarfe da ake cika shi da nauyi a ɗaure bindiga a ciki don kafaɗa ta huta. Ba na son sa ga magnum: ƙarfin da ya rasa wurin zuwa yana komawa kan ƙota da madubi, kuma saitin da aka yi a kansa sau da yawa ba ya zama ɗaya da na kafaɗa.

A kan matokari mai ƙafa uku, ko jingine da dutse ko kututture, ƙa'idar ba ta sauya ba: ƙirji ya fuskanci allo, jiki ya ɗan rinjaya gaba daga ƙugu, gindi ya matso tsakiya, ɗaya hannun ya danne gaban ƙota ko saman madubi don baki kada ya tashi. Harbin da ake ɗaga baki sama, kamar daga kwari zuwa tudu, shi ya fi kawo gira kusa da madubi, don haka ja kai baya da gangan kafin ka matsa.

Ciwon kai, jiri ko ƙarar da ta ƙi barin kunne bayan harbi alamu ne na tsayawa a ranar. Wanda aka taɓa yi wa aikin ido, ko yake da matsalar tantanin bayan ido, ko ciwon wuya da kafaɗa, ya ga likita kafin ya kwanta bayan irin waɗannan bindigogi. Idan kuma an gyara bindiga, an gyara kwanciya, an yi atisayen watanni, har yanzu allo na ɓacewa daga madubi a kowane harbi, to a sauko zuwa harsashi mai sauƙi kamar 7mm Remington Magnum ko 6.5 Creedmoor, na biyun ma yana kai mita 1000 a allo da shurin da bai kai na .308 ba, a gina hannu a kansa tukuna.